Gano Ranar Mako da Lissafi

Mako kwana bakwai ne, shekara kuwa kwana 365. In an raba 365 da bakwai, sai a sami mako 52, kwana ɗaya ya yi saura. Saboda wannan saura ne 1 ga Janairu na 2001 ya faɗo ran Litinin, na 2002 kuwa ran Talata. Amma shekarar da Fabrairu ya cika kwana 29, tsallaken kwana biyu a kan yi.

To, Fabrairun nan shi ke wahal da masu lissafi. A 1882 wani malami Bajamushe, Christian Zeller, ya yi masa dabara. Ya soma ƙidayar shekara daga Maris, ya mai da Janairu da Fabrairu wata na 13 da na 14 na shekarar da ta wuce. Da haka ƙarin kwanan ya koma can ƙarshe, inda ba ya ɓata lissafin sauran watanni.

Masu rubuta wa kwamfuta umarni suna son wannan hanya, don layi biyu ko uku sun ishe ta. Sai a tara lambar kwana da ta wata da ta shekara bisa ƙa'idarsa, a raba da bakwai, a dubi saura. In babu saura, Asabar ke nan. In ɗaya ne, Lahadi. In shida, Jumma'a.