Lambun Cikin Gari: Lokacin Shuka da Ruwan Ban-Ruwa

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, mai lambu ba ya fitar da dashensa waje sai ya tabbata raɓa ta daina daskarewa da dare. Mu nan ƙasar Hausa zafi ne abin tsoro. Latas da kabeji da karas da tumatir duk 'yan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke jin daɗi. Saboda haka wanda ke son lambu a bayan gida ko a kangon unguwa sai ya yafa iri da ɗaukewar damina, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ya yi dashe bayan kamar mako 4, ya fara tsinkar tumatir cikin Janairu. Wanda ya yi sakaci har Janairu kafin ya yafa iri, shukarsa za ta yi fure a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40. Furen tumatir ya kakkaɓe, latas ya miƙe ya yi ɗaci.

Asarar amfani ma da sauƙi. Babbar masifar jinkiri ita ce ruwa. A bazara rijiyoyi kan ja baya, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, ga shuka kuma tana neman sha safe da yamma. A nan ne mai lambu kan dubi kwatar da ke wucewa ta ƙofar gidansa, zuciya ta raya masa ai wannan ma ruwa ne. To, ba ruwa ba ne, dafi ne. Cikinsa akwai bayan gida, da ƙwayoyin kwalara da na taifot, da ƙwan tsutsar ciki. Latas kuwa ba dafa shi ake yi ba. Yanka shi ake yi a zuba ƙuli-ƙuli a yi kwaɗo, yara su sa hannu. A 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba lambu kaɗai ya jawo wannan ba, amma duk hanyar da kashi zai bi ya kai baki, hanyar annoba ce. Shuka kamar jinjiri take a hannun uwa: ba ta zaɓen abin da za ta sha, ba ta da bakin cewa wannan da wari, abin da aka ɗura mata shi take haɗiyewa, ta yi ɓulɓul har maƙwabta su yaba, alhali cutar na kwance a jikinta.

Wani zai ce ruwan kwata taki ne, ganye ya fi kore da shi. Gaskiya ne, domin ƙazantar da ke ciki abinci ce ga shuka; amma korewar ganye ba shaidar lafiya ba ce. Wani zai ce ai ana wankewa. Wanki yana rage ƙwayoyin cuta, kuma wajibi ne a yi shi da ruwa mai tsabta, sai dai ƙwan tsutsa na maƙalewa a lungun ganye, sinadarin da saiwa ta zuƙa kuwa babu wankin da ke fitar da shi. Masu cewa kakanninmu sun yi lambu a bakin rafin Jakara na Kano ba su mutu ba, su tuna majeman da da bagaruwa suke jima. Yau masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai da sinadarin kuromiyam suke aiki, rafin Getsi kuma yana ɗauko ruwan Bompai ya haɗe da Jakara.

Yaron da ya karanta littafin Ahalari ya san ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a alwala da shi. Yaya magidanci zai ƙi taɓa ruwa da hannunsa domin salla, sa'an nan ya shayar da abin da iyalinsa za su ci ɗanye da shi? Wanda ya kai irin wannan latas kasuwa bai faɗa wa mai saye ba, ya ci amana, ko dubagari bai kama shi ba. Idan lokaci ya riga ya ƙure, a haƙura da latas bana, a jira damina a shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa da rama, waɗanda ke jure zafi kuma dafa su ake yi.

Sauran abubuwan ba su da wuya. A yi fangali daidai ƙarfin rijiya, kada a wuce. A yi shinge saboda awaki. Takin dabbobi a bar shi ya ruɓe sarai kafin a zuba. In an yi feshin maganin ƙwari, a cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka. Randa da duro a rufe su saboda sauro. Wanda ba shi da fili ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ya huda ƙasansu, ya jera inda rana ke samu da hantsi.