In za ka ari tarihin wasu don ƙagaggen labari

Mai son ƙaga duniyar dodanni da sarakunan da ba a taɓa yi ba, kada ka tsaya kan tatsuniyoyin ɗakin kaka kaɗai. Leƙa tarihin wasu ƙasashe, amma ka san abin ɗauka.

A 1440 aka gayyaci matashin shugaban gidan Douglas, ɗan shekara 16, walima a fadar Edinbara ta Sikotilan. An ce ana tsakiyar cin abinci aka dire kan baƙin bijimi a gabansa, alamar mutuwa ke nan. Aka fitar da shi da ƙanensa, aka fille musu kai. Marubuci George R. R. Martin ya bar sunayen da garin, ya ɗauko cin amanar baƙo a kan akushi, ya mai da shi bikin auren da ya ƙare da jini a littafinsa A Storm of Swords.

Abubakar Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da labaran Turawa a Magana Jari Ce, ya naɗa musu rawani har ka rantse 'yan gida ne.

Sai dai ka yi hattara da abin da har yanzu ake bauta wa. Zeus, abin bautar mutanen da, ya daɗe da zama labari, amma Ganesha na da miliyoyin masu bauta a Indiya yau ɗin nan.