Darasi: Yadda Za Ka Tantance Jita-jitar Inda Za a Gina Katafaren Filin Shaƙatawa da Wayarka

Darasinmu na yau ya ɗan bambanta da waɗanda muka saba, domin ba sabuwar waya za mu duba ba. Za mu ɗauki labarin katafaren filin shaƙatawa da wasanni da kamfanin Universal ke shirin ginawa a Ingila, mu koyi yadda ake amfani da bayanan da ke buɗe a intanet wajen raba hasashe mai tushe da zancen teburin mai shayi.

Abin da ya jawo darasin shi ne wani hoto da aka turo a zaurenmu na WhatsApp, aka ce ga yadda filin zai kasance idan an gama. Ni kaina sai da na tura wa mutum biyu kafin na lura cewa dogon jirgin lilon da ke hoton ya shige cikin bango bai fito ta ko'ina ba. Ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. Daga ranar na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: duk babban gini yana barin sawu a takardu da taswira da lissafi tun kafin a aza tubalin farko. Sawun nan za mu koyi bi yau.

Taƙaitaccen labarin

Universal, wanda ke ƙarƙashin kamfanin Comcast na Amurka, yana da filayen shaƙatawa a Hollywood da Orlando da Osaka da Singafo da Beijin. A ƙarshen 2023 masu bibiyar irin waɗannan wurare suka fara cewa kamfanin ya sayi fili a kusa da garin Bedford, kimanin kilomita 80 arewa da Landan. A watan Disamba na shekarar kamfanin ya amsa cewa ya saya, amma yana kan nazari. Sai ranar 9 ga Afrilu, 2025 gwamnatin Birtaniya da kamfanin suka tabbatar da aikin: eka 476 a wurin tsohuwar masana'antar bulo ta Kempston Hardwick, otal mai ɗaki 500, da burin buɗewa a 2031 tare da karɓar baƙi miliyan 8.5 a shekarar farko.

Ka lura, fiye da shekara ɗaya kafin sanarwar gwamnati mutane na waje sun riga sun gano wurin. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Bi sawun takardu

Manyan kamfanoni ba sa sayen fili da sunansu, domin da zarar masu gonaki sun ji wane ne mai saye, farashi zai tashi. Wannan dabara tsohuwa ce. A 1965 Walt Disney ya sayi eka fiye da 27,000 a jihar Filorida ta hannun ƙananan kamfanoni masu sunaye daban-daban, irin su Ayefour Corporation da Reedy Creek Ranch. Wata 'yar jarida mai suna Emily Bavar ta jaridar Orlando Sentinel ce ta haɗa alamomin, ta rubuta a watan Oktoba cewa Disney ne mai sayen. A watan Nuwamba Disney ya sanar da aikin a hukumance.

A wancan zamanin sai mutum ya taka zuwa ofishin rajista. Yanzu yawancin aikin a waya ake yi. A Birtaniya akwai shafin Companies House, inda kowa zai iya duba kowane kamfani kyauta: ranar da aka yi masa rajista, daraktocinsa, da wanda ke da iko da shi. A labarin Bedford, sunan da ya bayyana a takardu shi ne Cloud Wing UK Limited, wanda aka gano yana da alaƙa da Comcast.

Wurare uku da za ka duba a kowane irin wannan bincike:

- Rajistar kamfanoni ta ƙasar. Duba ko daraktoci ko adireshin ƙaramin kamfanin sun canja kwanan nan, kuma su wa suka shigo.
- Rahoton da babban kamfanin ke bai wa masu hannun jari. Doka ta tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Amurka bayyana manyan kuɗaɗen da suka kashe, kuma ana samun rahotannin kyauta a shafin EDGAR.
- Rajistar sunayen shafukan intanet. A ICANN Lookup za ka ga ranar da aka yi wa suna rajista da kamfanin da ya yi masa rajistar.

Gargaɗi a kan na ukun: sunan shafi shi kaɗai hujja ce mai rauni. Kamfanoni kan sayi sunaye barkatai don kada wani ya riga su, kuma kowa zai iya sayen suna da kuɗi kaɗan. Sai ya dace da wata hujjar kafin ka ba shi nauyi.

Mataki na 2: Auna filin da kanka

Buɗe Google Earth, ka rubuta Kempston Hardwick. Akwai alamar ma'auni da ke ba ka damar zagaye fili da ɗigo-ɗigo, manhajar ta faɗa maka girmansa. Don lambar ta zauna a kai, mu juya ta zuwa abin da muka sani. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, don haka eka 476 ta kai kimanin hekta 193. Filin ƙwallo na ƙa'ida mita 105 ne da 68, ke nan wurin zai ɗauki filin ƙwallo kusan 270. Idan da fuloti irin namu na ƙafa 50 da 100 ne, zai haura 4,000.

Amfanin wannan awo shi ne kashe jita-jita da wuri. Idan aka ce za a gina irin wannan wuri a wani fili, ka auna ka ga hekta 10 ne kacal, to ko wurin ajiye motoci ba zai isa ba.

Daga nan ka duba yadda filin yake canjawa. Google Earth yana da tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam da za ka iya komawa baya shekara da shekara. Idan sababbi kake so, Copernicus Browser na Tarayyar Turai yana ba da hotunan Sentinel-2 kyauta, kusan duk kwana biyar. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar mita 10, don haka ba za ka ga mutum ba, amma za ka ga inda aka share ƙasa ko aka fasa sabuwar hanya.

Mataki na 3: Lissafa mutanen da za su iya isowa

Wannan shi ne abin da kamfanonin suka fi dubawa. A 1953 Walt Disney ya ɗauki Harrison Price na cibiyar bincike ta Stanford ya nema masa wurin da zai gina Disneyland. Price ya duba inda jama'ar kudancin Kalifoniya ke yaɗuwa da inda sabuwar babbar hanya za ta bi, ya zaɓi gonakin lemo a Anaheim. An buɗe wurin a 1955.

Dubi Bedford da wannan idon. Hanyar A421 ta bi ta gefen filin, ta haɗa shi da manyan hanyoyin M1 da A1. Layin dogo biyu sun sa shi a tsakiya, ɗaya daga cikinsu shi ne mai tafiya Landan. Filin jirgin sama na Luton ba shi da nisa. Kamfanin da kansa ya ce fiye da rabin mutanen Birtaniya za su iya isowa cikin awa biyu.

Kai ma za ka iya gwada irin wannan magana. Shafin openrouteservice, wanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap, yana zana maka da'irar lokacin tafiya: ka saka wuri, ka ce minti 60 a mota, ya nuna duk yankin da mutum zai iya tasowa ya iso cikin wannan lokacin. Idan ka sauke wannan zanen, ka ɗora shi a kan bayanan yawan jama'a na WorldPop a cikin manhajar QGIS, wadda kyauta ce, za ka samu adadin mutanen da ke ciki. Yi wa wurare biyu da ake jita-jita a kansu haka, ka kwatanta.

Mataki na 4: Fasalin wurin daga lissafi

A nan ne hasashe ya fi yawa. A lokacin sanarwar Afrilu 2025 kamfanin ya saki zanen yadda wurin zai iya kasancewa, amma bai ambaci sunan fim ko ɗaya da za a gina wasa a kansa ba. Masu hasashe sun yi ta kiran James Bond da Paddington da The Lord of the Rings. Kamfanin bai tabbatar da waɗannan sunaye ba a lokacin. Wanda ya san gaskiya yana cikin kamfanin, kuma yarjejeniya ta ɗaure masa baki.

Abin da za mu iya ƙiyastawa shi ne girman aikin. Raba miliyan 8.5 da kwana 365, za ka samu kimanin mutum 23,300 a rana. Yanzu mu saka zato namu: kowane baƙo zai hau abin wasa sau 8, kuma wurin yana buɗe awa 10. Mu ce jirgin lilo ɗaya yana ɗaukar mutum 24, yana tashi duk daƙiƙa 60. Ga shi a Python:

```
baki_a_shekara = 8_500_000
hawa_kowane_bako = 8
awanni = 10
kujeru = 24
dakika_tsakani = 60

baki_a_rana = baki_a_shekara / 365
bukata_a_awa = baki_a_rana * hawa_kowane_bako / awanni
karfin_lilo = 3600 / dakika_tsakani * kujeru

print(round(bukata_a_awa / karfin_lilo))
```

Amsar ita ce 13. Wato a rana tsaka-tsaki ana bukatar abin hawa mai irin wannan ƙarfi kusan 13, kowanne yana kwashe mutum 1,440 a awa. A ranar hutu, idan baƙi sun ninka, ko dai a ƙara wuraren kallo da na cin abinci da za su riƙe mutane, ko layi ya yi tsawo. Idan mutum 1,440 suna gabanka a layi, awa ɗaya cur za ka jira. Lambar farko kaɗai ce ta kamfanin, sauran huɗun zatona ne, don haka ka canja su ka ga yadda amsar ke motsawa. Duk wanda ya nuna maka taswirar da ya ce ta sirri ce mai abin hawa biyar kacal, lissafin nan ya isa ya sa ka yi shakka.

Yanayi ma yana da ta cewa. Ingila ƙasar ruwan sama da sanyi ce, ba kamar Filorida ba. A Beijin, inda hunturu ke da tsanani, Universal ya gina sashen Kung Fu Panda gaba ɗaya a cikin rufaffen gini. Don haka wanda ya yi hasashen cewa yawancin wasannin Bedford za su kasance ƙarƙashin rufi yana da dalili.

Sannan ka duba abin da kamfanin ya saba ginawa. Islands of Adventure, wanda aka buɗe a 1999, zobe ne da ya zagaye tafki. Epic Universe, wanda aka buɗe a Orlando a watan Mayu 2025, yana da lambu a tsakiya da ƙofofi masu shiga kowane sashe. Hasashen da ya yi kama da ɗaya daga cikin waɗannan ya fi kusa da hankali.

Mataki na 5: Tambayi abin da zai iya hana aikin

Ko da wuri ya tabbata, ba lallai a gina ba. A 2012 aka sanar da wani babban filin shaƙatawa a Swanscombe da ke yankin Kent, wanda daga baya aka sa wa suna London Resort. Shekara da shekaru ana sakin zane-zane masu ɗaukar ido. A 2021 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta ayyana wurin a matsayin mai kariya ta musamman saboda halittun da ke rayuwa a ciki, har da wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da ba kasafai ake samunsa ba. A 2022 aka janye takardar neman izini, kuma ba a gina komai ba.

Don haka kafin ka yarda, nemi amsar waɗannan: An mallaki filin ko alkawari ne kawai? An ba da izinin gini? Wa zai biya kuɗin hanya da tashar jirgi? Wanda ke da aikin ya taɓa gina irinsa?

Yadda nake jera hujjoji

Daga mai ƙarfi zuwa mai rauni: takardar izinin gini ko ta mallakar fili, sai rahoton masu hannun jari, sai sanarwar kamfani, sai hoton tauraron ɗan Adam, sai sunan shafin intanet, sai zanen talla. Can ƙasa kuma hoton da ba a san tushensa ba. Irin wannan hoton, saka shi a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa kafin ka tura wa kowa.

Wani zai ce ina ruwanmu da filin wasa a Ingila. Ai a nan gida ma mun saba ji: za a kawo jami'a wannan yankin, za a fasa titi ta bayan wancan ƙauyen, ka sayi fuloti yanzu kafin ya yi tsada. Mutane da yawa sun zuba jarinsu a kan maganar dillali da hoto ɗaya. Matakan nan biyar suna aiki a can ma, kuma kuɗin data kaɗai za su ci maka.

Aikin gida

Buɗe Google Earth, ka nemo Kempston Hardwick, ka gano layin dogo biyun da hanyar A421. Sannan ka ɗauki wani aiki da ake jita-jitarsa a garinku, ka auna filin, ka koma hotunan shekara biyar baya ka ga ko wani abu ya motsa. A darasi na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu shiga QGIS mataki-mataki mu ƙirga mutanen da ke cikin da'irar tafiyar awa ɗaya.