Tallar Imel: Me Kake Sayarwa, Nawa Za Ka Karɓa?

Matasan da ke shigowa harkar talla ta intanet kusan tambaya ɗaya suke yi mini: "Nawa zan ce wa mai kasuwa idan zan riƙa tura masa saƙon imel?" Yawancinsu sun riga sun ƙudura yin lissafi a kan kowane saƙo, kaza a kan ɗaya. Daga nan asara take somawa. Turawar ai manhaja ce ke yi. Abin da mai kasuwa zai biya ka a kai shi ne ka tara masa jerin mutanen da suka yarda ya yi musu magana, ka kula da jerin, ka sa su dawo saye.

Kafin maganar kuɗi, duba ko yana buƙatar aikin ma. Ka buɗe littafin bashi da ciniki na ɗan kasuwar Kantin Kwari, suna da lambar waya za ka gani shafi bayan shafi, ba adireshin imel ko ɗaya. Wannan WhatsApp ne kasuwarsa, kada ka ɗora masa abin da ba zai ci riba ba. Imel yana aiki ne inda masu saye suke buɗe shi kullum: otal, makaranta mai zaman kanta, mai kai wa kamfanoni da ƙungiyoyi kaya, mai fitar da zoɓo ko riɗi ko citta zuwa waje, da mai sayar wa 'yan uwa mazauna Ingila da Amurka.

Idan irin wannan ya tambaye ka amfanin imel alhali yana da mabiya a Instagram, ka tuna masa ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Ka tuna masa yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Mabiya a gidan wani suke. Jerin imel kuwa nasa ne, yana iya sauke shi ya koma da shi wata manhajar.

Ni kashi uku nake raba farashi, kamar yadda tela yake raba kuɗin yadi da kuɗin ɗinki.

Na farko kuɗin kafa aiki, sau ɗaya ake biya. A ciki akwai buɗe asusu, tsara fom ɗin da mutane za su sa adireshinsu, zana fasalin saƙo, rubuta saƙon maraba, da tantance adireshin kamfanin ta hanyar SPF da DKIM da DMARC. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa. A Gmail, mai tura 5,000 a rana dole ya cika ukun nan, ya kuma ba mutane damar fita da dannawa ɗaya. Ko ƙaramin mai turawa, in bai tantance adireshinsa ba, saƙonsa na iya ƙarewa a ɓangaren saƙonnin banza.

Na biyu kuɗin wata. Ka lissafa awoyin da rubutu, hoto, gwaji a waya, gyara da rahoto suke ci, ka ninka da abin da awarka ta cancanta. Ka faɗi adadin saƙo a wata da sau nawa za a yi gyara. In ba haka ba, sha ɗayan dare za a kira ka: "Don Allah ɗan sauya mini hoton nan, a ƙara wani saƙon gobe, ai ba yawa."

Na uku kuɗin manhaja, kuma shi ne ramin da ya fi cin mutane. Da dala ake lissafinsa. Manhajar dala 20 a wata, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023, naira 9,200 ce. Da dala ta haura 1,500 a 2024, ta koma 30,000. Wanda ya cusa wannan cikin kuɗin aikinsa, daga aljihunsa ya cike giɓin. Ga shi kuma manhajojin sun bambanta: Mailchimp yawan mutanen da ke jerinka yake dubawa, Brevo kuwa yawan saƙon da ka tura. Mai dogon jeri da ke tura saƙo jefi-jefi, na biyun ya fi masa sauƙi. A buɗe asusun da sunan mai kasuwa, ya biya da kansa.

Za a zo maka da tayin sayen adireshi dubu goma a kan kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado. Gmail ba ya son ƙorafi ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. Mutanen da ba su san ka ba kuwa, ƙorafin za su yi, sunan adireshin kamfanin ya lalace. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ba kowa 'yancin hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya.

Wajen rahoto, kada ka yi alƙawarin adadin waɗanda za su buɗe saƙo. Tun 2021 manhajar imel ta Apple take sa saƙo ya nuna an buɗe shi ko da mai wayar bai duba ba. Ka ƙirga waɗanda suka danna, waɗanda suka mayar da amsa, da waɗanda suka saya. Hanya mai sauƙi ita ce a sa wata kalmar rangwame a cikin saƙon kaɗai, duk wanda ya ambace ta a kanta an san daga ina ya zo.

Duk wannan a rubuta shi a takarda ɗaya, ku sa hannu ku biyu, tare da sharaɗin cewa ranar da kuka rabu jerin da asusun suna hannun mai kasuwa. Kai kuma Alhaji ko Hajiya mai biya, duk wanda ya ƙi yarda da wannan sharaɗin, kada ki ko ka ba shi ko sisi.