Matsayin Hoto a Juyayin Rasuwar Jariri

Manufar wannan ɗan nazari ita ce duba matsayin hoto a wurin iyayen da jaririnsu ya koma, musamman a unguwar Gyallesu ta Zariya.

Da farko dai, al'adar Bahaushe ba ta bar wa irin wannan jariri wata alama ta zahiri ba. A ranar ake yi masa sutura a rufe shi, kabarin kuwa ba rubutu, damina biyu ta isa ta baje shi. Mata ba sa rakiyar gawa, saboda haka uwa ba ta san makwancin ɗanta ba. Masu gaisuwa kan ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye." In ɗan fari ne, kunya ta hana ta kuka gaban surukai, alhali ga wankan jego tana yi, ga nono yana zuba. Sunaye irin su Ajuji da Abarshi da Barmani suna tuna da waɗanda suka riga, amma rayayye ne ke amsa su.

A da, sai ranar suna ake kiran mai hoto, don haka jaririn da bai kwana 7 ba yakan tafi da kamanninsa. Wayar hannu ta sauya wannan, domin tun kafin a bar asibiti akan ɗauke shi.

A Ingila da Amurka, a ƙarni na 19, gawar yaro ake ɗauka hoto, kuma a 2005 an kafa ƙungiyar Now I Lay Me Down to Sleep a Amurka don yi wa iyaye wannan hidima kyauta. Bahaushe na ƙyamar hoton gawa. Wanda yake adanawa shi ne na lokacin da yaron ke numfashi, kuma ba a rataye shi a bango. Dennis Klass da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa ci gaba da tunawa da mamaci ba lallai ne ya zama cuta ba. A nan kuwa aikin hoton ya fi kama da na shaida, wato shi ne ke tabbatar wa uwa lallai ta haihu.

Sai dai manya kan ce kallonsa fami ne, wasu malamai kuma ba su yarda da ajiye hoto ba. Da wannan hujja wani lokaci miji ko uwar miji kan goge shi, da kyakkyawar niyya, ba tare da an tambayi maijego ba, wadda ba ta ga inda aka rufe shi ba.