Kwarin Tafkuna Biyu a Ƙasar Ailan

Matafiyin da ya bar Dublin, babban birnin Ailan, ya nufi kudu cikin duwatsun Wicklow, zai isa Glendalough, wato kwarin tafkuna biyu. A nan Waliyyi Kevin ya kafa gidan sufaye a ƙarni na 6. Hasumiyar dutse da aka gina daga baya tana tsaye har yau, tsawonta kimanin mita 30. Cikin wannan daji ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa neman ilimi, a zamanin da ake kwafar kowane littafi da hannu. To, mu da muke da bugaggun littattafai a aji, mece ce hujjarmu ta yin lalaci? Mu tuna, ilimi bai san birni ko ƙauye ba.