Kunya Ba Ta Shiga Ɗakin Tiyata

'Yata, tunda Allah ya sa kin kama aikin jinya a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, duk ranar da aka kira ku horon aiki tare, ki je, kada ki ce ɓata lokaci ne.

Asibitinku, da ke kan hanyar Abuja zuwa Akwanga, ba ya rabuwa da waɗanda suka yi haɗarin mota, ko da tsakar dare. A irin wannan lokaci likita ya san aikinsa, mai sa barci ya san nasa, ke ma kin san naki. Ɓarnar takan faru ne a tsakaninku: wannan ya zaci wancan ya duba rukunin jini, wancan kuwa ya ɗauka an riga an duba.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantance tiyata mai tambayoyi 19. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Ba a kawo sabon magani ba, magana kawai aka sa mutane su yi. Kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da majinyacin da wurin da za a yanka, sannan a ƙirga auduga da allurai kafin a fitar da shi.

A nan tarbiyyarmu za ta so ta riƙe miki harshe. Mun koya miki kada ki katse babba, kuma a gida haka ya dace. Amma in lissafi bai cika ba, ki buɗe baki da ladabi: "Ranka ya daɗe, saura auduga ɗaya, a dakata." In bai ji ba, ki sake faɗa. Likitan kirki zai gode miki. Wanda ya ji haushi kuwa, kafin asuba ya huce. Randa kika zama babba, ki saurari mai shara in ta ce numfashin wani ya canja, don sau da yawa ita ce a kusa da gadon.

In an faɗa miki magani da baki, ki maimaita sunansa da adadinsa a ji. Kuma kada ki miƙa aiki a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Ku bi gado gado ke da mai karɓarki, ki gaya mata wanda kike jin tsoron darensa.